Yadda Ake Fitar da Lambobin Alwatika Masu Hawa Biyu, da Yadda Ake Gane Su

Ka ajiye tsakuwa ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, uku a ƙarƙashin biyun, ka yi ta sauka haka. Siffar alwatika za ta fito, kuma yawan tsakuwar da ka jera a duk inda ka tsaya shi ake kira lambar alwatika: 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28, 36. Almajiran Fitagoras, masanin lissafin nan mutumin Girka, sun san wannan tun kusan shekara 2,500 da suka wuce. Abin da zan koya maka a nan hawa ɗaya ne bisa wannan: ka ɗauki lambar alwatika, ka mai da ita yawan sahun wata sabuwar alwatikar, sannan ka ƙirga tsakuwar da sabuwar ta ci. Alwatika mai sahu 3 tana da tsakuwa 6. Alwatika mai sahu 6 kuwa tana da 21. To, 21 ɗin nan ita ce lambar alwatika mai hawa biyu.

Na daɗe ina koyar da wannan, kuma abin da na gani shi ne wanda ya fara da haddar ƙa'ida kan manta da ita kafin mako ya zagayo, amma wanda ya fara jerawa da hannunsa, ko ya manta yana iya sake gano ta da kansa. Shi ya sa ƙa'idar sai a mataki na 4 za ka same ta. Ka daure ka bi su a jere.

Kayan aiki

Takarda mai gida-gida irin ta littafin lissafi. In babu, ka ja layuka a farar takarda, domin rabin kuskuren wannan aiki daga karkacewar sahu yake zuwa.
Fensir da abin gogewa.
Tsakuwa ko maɓallai guda 21 aƙalla. In babu, ɗige-ɗige a takarda sun isa.
Kalkuleta mai alamar √. In ba ka da shi, na nuna yadda ake yi da hannu a mataki na 6.
Alƙaluma masu launi uku da ɗan kwali da aka yanka murabba'i, don mataki na ƙarshe.

Mataki na 1: Kafa hawa na farko

Ka raba takarda gida uku daga sama zuwa ƙasa. A gida na farko ka rubuta 1 zuwa 10. A gida na biyu za ka rubuta lambar alwatikar kowacce, kuma tarawa ce kawai: ka fara da 1, ka ƙara 2 ka sami 3, ka ƙara 3 ka sami 6, ka ƙara 4 ka sami 10. Idan ka gama ya kamata ka ga 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28, 36, 45, 55.

Akwai gajeriyar hanya. Ka ninka lambar da wadda ke bi mata, ka raba biyu. Ta 8 ita ce 8 × 9 ÷ 2 = 36. Dalilin yana da sauƙin gani da tsakuwa: ka jera alwatika biyu masu sahu 3, ka kifa ɗaya a jikin ɗaya, za su ba ka sahu 3 mai tsakuwa hurhuɗu, wato 12, rabinta kuma 6. Wannan ce dabarar da ake ba da labarin Gauss, masanin lissafin Jamus da aka haifa a 1777, ya yi amfani da irinta yana yaro, ya tara 1 zuwa 100 nan take ya sami 5050.

Daga nan zan riƙa rubuta T(8) a madadin "lambar alwatika ta 8". Saboda haka T(8) = 36.

Mataki na 2: Hau hawa na biyu

Yanzu gida na uku. Ka ɗauki abin da ke gida na biyu, ka yi masa daidai abin da ka yi wa gida na farko. A layi na 4 kana da 10, sai ka yi 10 × 11 ÷ 2 = 55. A layi na 5 kana da 15, sai 15 × 16 ÷ 2 = 120. Goman farko su ne:

1, 6, 21, 55, 120, 231, 406, 666, 1035, 1540

Kafin ka wuce, ka jera ta uku da tsakuwa, sahu shida cif, ka ƙirga 21 da yatsanka. Sau ɗaya ya isa.

Kurakurai uku nake yawan gani a nan. Na farko, mutum ya ji "hawa biyu" sai ya ninka lambar sau biyu, 6 ta koma 12. Na biyu, ya ninka ta da kanta, 6 ta koma 36. Na uku shi ya fi ruɗi, don mai yin sa yana da tunani: sai ya tara lambobin alwatika ɗaya bisa ɗaya, 1 + 3 + 6 + 10, ya sami jerin 1, 4, 10, 20, 35, 56. Wannan jeri ne na gaske, amma na dala ne, wato yawan ƙwallayen da ake ɗorawa bisa juna su yi tsini. Abin da ke ƙara rikita ɗalibi shi ne 120 da 1540 suna cikin jerin biyu duka, sai ya ga sun haɗu ya ɗauka hanyarsa daidai ce. Lambobin da ka tara a hawa na biyu su ne 1, 2, 3, 4 har zuwa inda lambar alwatikar ta tsaya, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Ka kuma lura da wurin farawa. Wasu littattafai da OEIS, shafin intanet mai tattara jerin lambobi, inda jerin yake da lambar rajista A002817, da sifili suke farawa. Idan ka ga "ta biyar" ɗinka ta saɓa da ta wani, ka fara duba ko ya ƙirga 0.

Mataki na 3: Tabbatar da amsa da alwatikar ƙidaya

Wannan ne matakin da na fi so, kuma a nan ne yawanci nake ganin fuskar ɗalibi ta washe. Maimakon tsakuwa, ka jera lambobin ƙidaya a siffar alwatika:

1
2 3
4 5 6
7 8 9 10
11 12 13 14 15
16 17 18 19 20 21

Masu koyon rubuta manhajar kwamfuta suna kiran ta alwatikar Floyd. Ka dubi lambar ƙarshe ta kowane sahu: 1, 3, 6, 10, 15, 21. Hawa na farko ke nan ya jeru a gefe ba tare da ka neme shi ba. Tunda sahu na 4 ya ƙare a 10, idan ka tara duk abin da ke cikin sahu huɗun farko, ka tara 1 zuwa 10 ke nan, wato T(10). Ashe jimillar alwatikar, a duk sahun da ka tsaya, lambar alwatika ce mai hawa biyu.

Sai ka tara kowane sahu shi kaɗai. Za ka sami 1, 5, 15, 34, 65, 111. Don sauri, ka tara ta farko da ta ƙarshe a sahun, ka ninka da yawan lambobin sahun, ka raba biyu: a sahu na 4, 7 da 10 sun ba da 17, sau 4 ya zama 68, rabinsa 34. Yanzu ka riƙa ɗora jimillar kowane sahu a kan ta baya: 1, sai 1 + 5 = 6, sai 6 + 15 = 21, sai 21 + 34 = 55, sai 55 + 65 = 120, sai 120 + 111 = 231. Ka kwatanta da gida na uku na jadawalinka. Idan sun dace, aikinka ya tsaya da ƙafa biyu, tunda ta hanyoyi biyu mabambanta ka iso wuri ɗaya.

Wanda ya taɓa cika hatimi, murabba'in lambobin nan da kowane layinsa, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, ke ba da jimilla ɗaya, zai gane waɗannan lambobi nan da nan. Hatimi mai gida uku-uku jimillar layinsa 15 ce, mai hurhuɗu 34, mai biyar-biyar 65, mai shida-shida 111. Ƙa'ida ɗaya ce ke fitar da su duka, n × (n² + 1) ÷ 2, inda n yake nufin yawan gidajen layi ɗaya, n² kuma n sau n. Lambar 5 ce kawai ba ta da hatiminta, don ba a iya cika hatimi mai gida bibbiyu. Har yanzu ina jin daɗin wannan haɗuwa duk lokacin da na nuna ta.

Mataki na 4: Ƙa'idar kai tsaye

Idan aka ce ka kawo ta 20 ko ta 100, ba za ka zana sahu ɗari ba. Ka yi aikin mataki na 2 sau biyu a jere. T(20) = 20 × 21 ÷ 2 = 210, sannan T(210) = 210 × 211 ÷ 2 = 22,155. Ta 100 kuwa daga lambar Gauss take tashi: 5050 × 5051 ÷ 2 = 12,753,775.

Idan aka haɗe hawa biyun a numfashi ɗaya, n kuma ya zama matsayin lambar da kake nema a jerin, ƙa'idar ita ce:

n × (n + 1) × (n² + n + 2) ÷ 8

Ka gwada da 8: 8 × 9 = 72, sannan 64 + 8 + 2 = 74, 72 × 74 = 5328, a raba 8 ya ba da 666. Ka lura 74 ɗin nan 72 ce da ƙarin 2, kuma kullum haka take. Don haka ba sai ka wahala da n² ba: ka ninka n da mabiyiyarta, ka ƙara 2 a kan abin da ya fito, ka ninka su biyun, ka raba 8. Kuskuren da ake yi shi ne a raba 4, da tunanin an raba biyu sau biyu. Takwas ce, domin rabin farko yana shiga lissafin sau biyu kafin a zo rabin ƙarshe. Idan kuma ka raba 8 ka ga saura, to akwai kuskure a ninkawarka, ƙa'idar ba ta barin saura ko kaɗan.

Shawarata ita ce ka raba kafin ka ninka. Cikin lambobi biyu masu bin juna dole ɗaya ta rabu biyu daidai, sai ka raba ta tun farko: 105 × 211 ya fi 210 × 211 sauƙi. Wannan yana ceton mai ƙaramin kalkuleta mai gurbi takwas. Ta 150 misali ce: T(150) = 11,325. Idan ka buga 11,325 × 11,326 amsar gurbi tara ce, na'urar za ta cije. Idan ka fara raba 11,326 ta koma 5663, sai 11,325 × 5663 = 64,133,475, ta shiga daidai.

Mai kwamfuta zai iya sa Excel ya yi aikin. Ka rubuta lambobin ƙidaya a jerin A, a gidan B1 ka rubuta =A1*(A1+1)/2, a C1 ka rubuta =B1*(B1+1)/2, ka ja su ƙasa. Sai dai Excel gurbi 15 kawai yake riƙewa daidai, don haka idan amsa ta wuce nan kada ka amince da lambobin ƙarshenta.

Mataki na 5: Idan tarawa kawai kake so

Akwai hanyar da babu ninkawa a cikinta sam. Ka rubuta jerin da sifili a gaba, ka ɗebe kowace lamba daga mabiyiyarta, ka maimaita a kan abin da ya fito:

0, 1, 6, 21, 55, 120, 231, 406, 666, 1035
1, 5, 15, 34, 65, 111, 175, 260, 369
4, 10, 19, 31, 46, 64, 85, 109
6, 9, 12, 15, 18, 21, 24
3, 3, 3, 3, 3, 3

A zagaye na huɗu komai ya koma 3. Don samun ta gaba, daga ƙasa za ka hauro: 24 + 3 = 27, 109 + 27 = 136, 369 + 136 = 505, 1035 + 505 = 1540. Aibin hanyar ɗaya ne, kuskure guda yana bin duk abin da ya biyo baya. Bayan kowane layi biyar ka gwada amsar da ƙa'idar mataki na 4.

Mataki na 6: An ba ka lamba, ka gane ko tana cikin jerin

Ka fara da duba lambar ƙarshe. Lambar alwatika mai hawa biyu da 0, 1, 5 ko 6 kawai take ƙarewa. Saboda haka 28, 78 da 153, duk da cewa lambobin alwatika ne, sun fita tun a ƙofa. Amma wannan tankaɗe ne kawai. Lambobi irin 10, 15, 36 da 45 sun wuce shi, alhali ba sa cikin jerin.

Gwajin gaske shi ne ka ninka lambar da 8, ka ƙara 1, ka nemi tushenta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Idan tushen ya fito cif babu ɗigo, lambar ta alwatika ce. Sai ka ɗebe 1 daga tushen ka raba biyu, ka sami yawan sahunta. Dalilin 8 da 1 shi ne alwatika takwas masu girma ɗaya, idan aka kewaye tsakuwa guda da su, murabba'i suke bayarwa: 8 × 3 + 1 = 25, wato 5 × 5.

Tunda hawa biyu ne, sau biyu za ka yi gwajin. Mu ɗauki 666. 8 × 666 + 1 = 5329, tushenta 73, a ɗebe 1 a raba biyu ya ba da 36. Ka sake: 8 × 36 + 1 = 289, tushenta 17, ya ba da 8. Ta haye duka biyun, ita ce ta 8 a jerin.

Yanzu 5050. 8 × 5050 + 1 = 40,401, tushenta 201, ya ba da 100. Da yawa a nan suke tsayawa su ce an gama. Ka sake: 8 × 100 + 1 = 801. To 28 × 28 = 784, 29 × 29 = 841, ita kuwa 801 tana tsakani. Ke nan 5050 hawa ɗaya kawai take da shi.

In babu kalkuleta, ka kewaye tushen. A ce 3081 aka ba ka: 8 × 3081 + 1 = 24,649. Ka san 150 × 150 = 22,500 kuma 160 × 160 = 25,600, don haka tushen yana tsakaninsu. Adadin ya ƙare da 9, kuma lambar da ta ƙare da 3 ko 7 ce kawai ke ba da 9 in an ninka ta da kanta, saura 153 da 157 ke nan. 153 × 153 = 23,409, bai kai ba. 157 × 157 = 24,649, ya yi daidai. A ɗebe 1 a raba biyu, 78. Zagaye na biyu: 8 × 78 + 1 = 625, tushenta 25, ya ba da 12. Ashe 3081 ita ce ta 12.

Mai kalkuleta ma ya yi hattara da manyan lambobi, don na'urar kan gutsure ɗigon ta nuna masa tushe kamar cikakke. Ka ninka tushen da kansa ka ga ko ya dawo maka da adadinka.

Mataki na 7: Ka ga abin da suke ƙirgawa da idonka

Waɗannan lambobi suna fitowa duk inda ake haɗa abubuwa bibbiyu, sannan a sake haɗa haɗe-haɗen bibbiyu, da sharaɗi biyu: ba a damu da wanda ya zo farko ba, kuma an yarda abu ya haɗu da irinsa. Ɗauko kwalinka. Tambayar ita ce, ta hanya nawa za a iya shafa wa kusurwoyinsa huɗu launi, idan ba a ƙirga wanda juyawa ko kifawa kawai ya bambanta shi da wani? Ka shafa launin gaba da baya a kowace kusurwa, in ba haka ba idan ka kifa ba za ka ga komai ba.

Ka fara da launi biyu, ja da fari. Duka ja, duka fari, ja ɗaya, fari ɗaya, ja biyu a gefe guda, ja biyu masu kallon juna ta tsakiya. Shida ke nan, lamba ta 2 a jerinmu.

Da launi uku kada ka yi ta lalube, za ka maimaita wasu ka manta wasu. Ka ɗauki kusurwoyi biyu masu kallon juna ta tsakiya a matsayin haɗi ɗaya. Haɗin da zai yiwu shida ne: ja da ja, fari da fari, baƙi da baƙi, ja da fari, ja da baƙi, fari da baƙi. Ka ba su lamba 1 zuwa 6. Murabba'i yana ɗaukar irin wannan haɗi guda biyu. Haɗi na 1 yana iya tafiya da kansa ko da sauran biyar, hanya 6. Na 2 ya riga ya haɗu da na 1, saura 5. Haka har ƙasa: 6 + 5 + 4 + 3 + 2 + 1 = 21. Hawa biyun da ka yi a takarda, ga su a hannunka.

Wannan lissafi yana da aiki a wajen aji. Masana kimiyyar sinadarai da ke auna tunkuɗar da ilaktaron, ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki, ke yi wa juna da kwamfuta suna aiki da abubuwa hurhuɗu, haɗi biyu na bibbiyu, kuma sauya wanda ya zo farko a cikin haɗi, ko tsakanin haɗin biyu, ba ya sauya amsa. Da abubuwa 100, lissafin da zai kai 100,000,000 sai ya sauko 12,753,775, kusan kashi ɗaya cikin takwas.

Ka kiyaye sharuɗɗan nan biyu, don da zarar ɗaya ya faɗi jerin ya sauya. Idan aka hana abu haɗuwa da irinsa a hawa biyun, abin da ke fitowa shi ne 3, 15, 45, 105. Idan kuma aka yarda da juyawa amma aka hana kifawa, launi uku 24 suke bayarwa maimakon 21. Ukun da suka ƙaru su ne masu launi ɗaya a kusurwoyi biyu na gefe guda, sauran biyun kuma kowacce da nata launin: ja, ja, fari, baƙi idan ka zagaya ta dama ba ya komawa ja, ja, baƙi, fari komai juyawarka, sai ka kifa. Ka ƙara launi na huɗu ka gwada: da kifawa za ka sami 55, babu kifawa 70. Ratar da ke tsakaninsu 15 ce, ta launi uku kuma 3, su ne lambobi biyun farko na jerin 3, 15, 45, 105.